Likita Cikin Kaki da Bashin New Bell

Idan ciwo ya kwantar da mai sayar da atamfa a Marché Central ta Duwala, asibitin gundumar New Bell ake fara kai shi, in abin ya faskara a wuce da shi asibitin Laquintinie da ke Akwa. Asibitin soja na Bonanjo, wanda mutanen Duwala ke kira Garnison, yana karɓar farar hula, amma da yawa suna ɗaukar hakan alfarma ce ake yi musu. A ganina haƙƙi ne, kuma tarihin garin ne shaida, domin likitocin soja na cikin waɗanda suka shata wa New Bell wurin zamanta tun farko.

A 1896 Jamusawa suka gina asibitin Nachtigal a Bonanjo domin Turawa. Hans Ziemann, likitan sojan ruwa da ya zama babban likitan gwamnatin mulkin mallaka, ya dage cewa zazzaɓin cizon sauro daga jinin baƙar fata yake isa ga Bature, don haka sai a raba mazauni. Wannan hujja ta lafiya ce aka jingina da ita aka ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wouri, aka tura su cikin fadama, aka bar filin kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa. Sabuwar unguwar ita ce New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi, Hausawa fatake da Bamileke da Basa, kuma har yau in damina ta sauka ruwan kwata yakan shiga rijiyoyi da zauruka.

Asibitin Laquintinie da aka buɗe wa 'yan ƙasa a 1931 ma sunan soja yake ɗauke da shi. Jean Laquintinie likitan tiyata ne na rundunar mulkin mallaka, ya yi aiki a can, ya bi hafsan sojan Faransa Leclerc bayan saukarsa Duwala a Agustan 1940, ya rasu a 1941.

Wani zai ce wannan zargi rashin adalci ne ga mutanen da suka ceci rayuka, ya kawo misalin Eugène Jamot. Gaskiya ne. Jamot, shi ma likitan soja, ya kafa sansani a Ayos, kuma daga 1926 ayarinsa suka riƙa bin ƙauyuka, suna tara jama'a a layi, suna lalube wuyan kowa don neman kaluluwar ciwon barci, suna duba jini nan take. Cutar da ke share garuruwa ta ja da baya sosai. Sai dai aikin na dole ne, ba a tambayar yardar kowa, kuma a yankin Bafia ɗaruruwan mutane suka makance saboda an zarce ƙima wajen allura. Darasin da na ɗauka daga Jamot shi ne cewa tsarin soja, da motocinsa da horonsa da saurin tashinsa, ya fi amfani ranar da ya fita daga bariki ya je inda cuta take. Abin da za a bari a baya shi ne tilas.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: asibitin soja na soja ne, kuma tun 2014 Kamaru ke kwaso 'ya'yanta da suka ji rauni a yaƙi da Boko Haram, ga rikicin yankunan masu magana da Ingilishi. Babu mai hankalin da zai ce a tashi sojan da ya taka nakiya daga gado. Amma likitan da ya ƙware a ɗinke raunin harsashi shi ne wanda ɗan acaɓan da mota ta take a unguwar Ndokoti yake buƙata, kuma hannunsa ba ya riƙe ƙwarewa sai da aikin yau da kullum. Kuɗin asibitin ma daga baitulmali yake fita, wanda harajin rumfunan kasuwa ke shiga.

Kwalarar 2004 ta kama dubban mutane a Duwala, New Bell na cikin unguwannin da suka fi jin jiki. Don haka kafin kowace damina, ya kamata ayarin likitocin Garnison su shigo unguwar tare da ma'aikatan gunduma, su nemi izinin masu unguwanni da limamai, su zuba magani a rijiyoyi, su duba yara da masu ciki kyauta.