Kusu mai guntuwar wutsiya da asirin kuromozom na 17

A shekara ta 1927, a Cibiyar Radiyom ta birnin Paris, wata likita haifaffiyar Kiyef, Nadine Dobrovolskaïa-Zavadskaïa, wadda ta baro ƙasarta bayan juyin juya halin Rasha, ta ba da bayanin wani kusu, wato ɓera, mai guntuwar wutsiya, wanda ƴaƴansa ke gadon wannan siffa. Aka raɗa wa ƙwayar gadon suna Brachyury, ana taƙaita ta da harafin T.

Da aka haɗa wannan iri da wasu kusa na daban, sai ga ƴaƴa marasa wutsiya ɗungurungum. Ashe waɗancan kusa na ɗauke da wani ɓoyayyen gado, wanda aka kira t. A 1936 Paul Chesley da L. C. Dunn na Jami'ar Kolumbiya, a Amurka, suka lura cewa wannan gado ba ya bin ƙa'idar Mendel ta rabon raba-daidai. Namijin da ke ɗauke da shi yakan ba da shi ga mafi yawan ƴaƴansa, sau da dama fiye da kashi 90 cikin 100.

Akwai abu na biyu da ya fi ɗaure kai. Kusu na da kuromozom 40, tagwaye-tagwaye, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yayin da jiki ke ƙera maniyyi ko ƙwai, tagwayen sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, kamar igiyoyi biyu na duwatsun wuya, su yi musanyar yanki. Wannan musanya ce ke gauraya gado. Amma a wajen kashi ɗaya cikin uku na kuromozom na 17, inda t yake, da ƙyar take aukuwa.

Masana ba su rasa abin zargi ba. Tun cikin shekarun 1920 Alfred Sturtevant ya nuna a jikin ƙudan ƴaƴan itace cewa yanki na iya tsinkewa ya koma mazauninsa a juye, kai ya zama gindi. Inda aka sami haka tagwayen ba sa daidaituwa, in ma an yi musanyar, abin da ya fito yakan zo da giɓi nan, ƙari can, ba ya rayuwa. Sai dai ƙuda ya yi wa masu bincike alheri, domin kuromozom ɗin da ke cikin gurbin miyaunsa manya ne, madubin ƙara girma na nuna juyin ƙarara. Na kusu kuwa ya ƙi bayyana.

Sai a 1982 Karen Artzt da Hee-Sup Shin da Dorothea Bennett suka tabbatar cewa jerin ƙwayoyin gado a wani sashe na t a juye yake, shekara 55 bayan kusun Paris. Zuwa 1989 an ƙidaya juyi huɗu a jere.

Daga nan aka fahimci dabarar. A cikin yankin akwai ƙwayoyin gado masu gurgunta tafiyar maniyyi, akwai kuma guda mai kare wanda ke ɗauke da t. Da musanya za ta raba su, da maguɗin ya watse. Juyin ne ke ɗaure su wuri guda. Amma ɗaurin ya hana yankin zubar da lahanin da ke taruwa cikinsa. Kusun da ya gaji t daga uwa da uba duka, ko dai ya mutu tun a ciki, ko, in namiji ne, ya tashi ba ya haihuwa.