Girgizar Ƙasar Nesa da Shimfiɗun Ƙarƙashin Jega, Aliero da Maiyama

Motsin girgizar ƙasar da ta auka wa kudancin Turkiyya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ya iso ƙarƙashin Aliero cikin ƙasa da minti takwas. Babu mai noman albasa da ya ji shi, amma na'urar auna girgiza za ta iya kama shi. Ra'ayina shi ne, irin wannan motsi da ke zuwa mana kyauta ya isa ya nuna kaurin shimfiɗun da garuruwan nan uku ke zaune a kai.

Igiyar da ke fara isowa, wadda masana ke kira P, tana tasowa daga can ƙasa kusan a tsaye. Idan ta ƙetare iyakar da ke tsakanin dutse mai tauri da yashi ko laka, wani ɓangarenta yakan rikiɗe zuwa igiyar S, wadda ba ta kai ta sauri ba. Ratar lokacin isowarsu ita ke bayyana zurfin iyakar. Vinnik a 1977 da Langston a 1979 ne suka aza harsashin dabarar, kuma ana zaɓen girgizar da ta auku a nisan kilomita 3,300 zuwa 10,000.

Jega, Aliero da Maiyama suna kudancin kwarin Sakkwato, inda shimfiɗun yashi da laka, har da na Gwandu mai riƙe ruwa, ke ƙara kauri idan aka nufi Nijar, dutsen gindi kuwa ya fito fili wajen Zuru da Yawuri. Tun 1973 Anderson da Ogilbee suka bayyana ruwan ƙarƙashin wannan kwari daga bayanan rijiyoyi. Sai dai rijiya labarin bakinta kawai take bayarwa.

Za a ce dabarar ta ɓawon duniya ce, ba ta mai haƙa rijiyar burtsatse ba. Da gaskiya a ciki. Tsawon igiyoyin ya kai ɗaruruwan mita, don haka siririn yashi mai kaurin mita biyar zai kuɓuce musu, ga kuma amsa-kuwwar da laka ke haddasawa tana dagula lissafi. Gwajin lantarki da aka saba yi kafin haƙa yana nan da amfaninsa. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne zurfin kwarin baki ɗaya, wanda kan shafi yawan ruwan da noman rani zai iya ɗiba.

Ya kamata jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta nemi haɗin gwiwar cibiyar nazarin girgizar ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi, a kafa na'urori daga Jega zuwa Maiyama na tsawon shekara guda aƙalla.