Gamsheƙa a Tsaunukan Jos: Siffa, Mazauni da Matsalar Suna

Tsakure

Maƙalar ta duba macizai masu fasa kai na dangin Naja a yankin Jos, ta kuma nuna cewa sunayen Hausa ba sa raba mai tofi da marar tofi, alhali a asibiti wannan bambanci ne ke nuna irin jinyar da za a yi.

Suna

Bahaushe yana cewa gamsheƙa ko kumurci, kuma a bakin jama'a duk macijin da ya miƙe ya fasa kai yana iya amsa kowanne. Masana kuwa sun daɗe suna rarrabewa. Laurenti ne ya sa wa dangin suna Naja a 1768, daga kalmar Sanskirit mai nufin maciji. A 1843 Reinhardt ya bayyana Naja nigricollis, wato mai baƙin wuya, sai Angel ya bayyana Naja katiensis a 1922, da sunan garin Kati na Mali. Har yau rabon bai ƙare ba: an ware Naja senegalensis daga Naja haje a 2009, a 2018 kuma aka raba Naja melanoleuca gida biyar.

Siffa

Mai baƙin wuya ita ce aka fi cin karo da ita a arewa. Tsawonta kan kai mita biyu, jikinta baƙi ne mai sheƙi, da ja-ja a maƙogwaro. Fasa kan da take yi haƙarƙarin wuya ne take buɗewa. Ramin dafin da ke fiƙarta yana kallon gaba, shi ya sa take iya feshi har mita biyu, kuma ido take nema. Binciken Warrell da abokan aikinsa a Zariya, na 1976, ya nuna cewa saranta yana kumbura wuri ya ruɓar da nama. Naja haje kuwa ba ta tofi. Dafinta jijiyoyi yake kamawa, fatar ido ta saki, numfashi ya gagara.

Mazauni

Jos na bisa tudu mai tsayin mita 1,200 daga teku, tsaunukan Shere kuma sun haura 1,700. Sanyin hunturu yana rage wa macizai kuzari, amma wurin ɓuya ba ya yankewa: kogunan duwatsu, tsohon suri, da tafkunan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi, inda kwaɗi ke taruwa. Gamsheƙa ba ta gudun gida. Ɓera take bi zuwa rumbu, ƙwai kuma ya ja ta zuwa akurki, galibi da dare. Da an gangara Langtang da Shendam kuwa, kububuwa ce ta fi sara, kuma asibitin Zamko ya shahara da jinyar hakan.

Tattaunawa

Allurar EchiTAb-G dafin kububuwa kaɗai take karyawa. EchiTAb-Plus, wadda ake haɗawa a Kosta Rika, ta haɗa kububuwa da kasa da mai baƙin wuya, amma ba a yi ta don Naja haje ba. Ke nan rubuta "gamsheƙa" kawai a katin majinyaci bai wadatar ba. Muna kira ga asibitocin Jihar Filato da su riƙa tambayar launin macijin da ko ya yi tofi, su rubuta. Wanda aka fesa wa a ido kuma ya wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan ya nufi asibiti.