Haɗa Irin Shanu da Gadon Maiƙon Madara: Waiwaye a kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata tambaya da aka daɗe ana tsallakewa a tarihin kyautata irin shanu, watau: idan aka haɗa saniyar gida da bijimin Turai, me ke samun ita madarar kanta? An fi damuwa da yawan abin da ake tatsa, alhali darajar madara tana ga abin da ta ƙunsa, musamman maiƙo da furotin.

2.0 Mafarin awo

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, da ido da harshe ake gane madara mai kauri. A 1890 Stephen Babcock na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya fito da hanya mai sauƙi ta auna maiƙo. Daga nan aka soma sayen madara bisa maiƙonta, aka kuma tabbatar cewa bambancin yana bin iri. Shanun Firiziyan, masu asali daga Holan, sun fi kowa yawan madara, amma maiƙonta bai cika wuce kashi uku da rabi zuwa huɗu cikin ɗari ba. Na shanun Jasi da na shanu masu tozo, irin su Bunaji, yakan kai wajen kashi biyar.

3.0 Gwaje-gwajen ƙasashe masu zafi

A Jamaika, T. P. Lecky ya shafe shekaru yana haɗa Jasi da Sahiwal mai tozo, har aka amince da sabon irin, Jamaica Hope, a 1952. A Barazil an haɗa Firiziyan da Gir, aka sami Girolando, wanda hukuma ta amince da shi a 1996. A nan gida kuwa, an buɗe gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya a 1928, inda aka fara da zaɓen shanun gida masu nono, sannan a shekarun 1960 aka dukufa ga haɗa Bunaji da Firiziyan.

Darasin da aka koya kusan ɗaya ne a ko'ina. 'Ya'yan haɗin farko sukan zarce uwayensu mata nesa a yawan madara, saboda ƙarfin da gamuwar jini biyu ke haifarwa. Amma idan aka haɗa ruwa-biyun da junansu, sai wani ɓangare na ƙarfin nan ya zube a jikoki. Shi kuwa maiƙo, tsaka-tsaki yakan tsaya tsakanin iyaye biyu, kuma gwargwadon ƙaruwar jinin Firiziyan, gwargwadon tsinkewar madara.

4.0 Abin da ƙwayoyin gado suka bayyana

Sai a 2002 masana a Jami'ar Liyej ta Beljiyam da abokan aikinsu suka gano ɗaya daga cikin dalilan. Akwai wata ƙwayar gado mai suna DGAT1, wadda ke da hannu a haɗa maiƙo, kuma kala biyu ce. Ɗaya tana ƙara maiƙo ta rage yawan madara, ɗayar tana yin akasin haka. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kalar mai maiƙo ita ce ta rinjaya a shanu masu tozo. Ashe kaurin nonon Bunaji ba kiwo kaɗai ya kawo shi ba, gado ne.

5.0 Kammalawa

Ba a musun cewa jimillar maiƙon da saniya ruwa-biyu ke bayarwa takan fi ta Bunaji, tun da yawan madararta ya rufe giɓin. Sai dai wannan riba tana da sharaɗi: dusa da ƙuli, ruwa wadatacce, da kariya daga kaska da sammore. Inda babu waɗannan, yawan madarar ya kan faɗi, maiƙon da aka rasa kuma ba ya dawowa. Bafulatana mai kaɗa nono ta fid da man shanu ita ce za ta fara ganin haka a ƙwaryarta. Saboda haka duk shirin haɗa iri ya kamata ya riƙa auna maiƙo tare da yawa, ya kuma keɓe garken Bunaji tsantsa, domin gadon da ya narke cikin wani jini maido shi abu ne mawuyaci.