Yadda ɗanyen goro yake isowa daga Gwanja babu firij

1/ A nan Kagara ban taɓa zuwa ɗaurin aure ko suna ba a raba goro ba, alhali bishiyarsa ba ta yi a ƙasarmu. To ya aka yi yake isowa ɗanye tun babu mota?

2/ A ƙarni na 19, fatakenmu kan kai kanwa da tufafi da fatu Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, su loda wa jakuna goron Asante. Dawowa kaɗai watanni ne.

3/ Goro kuwa ɗan lele ne. Iska ta buge shi ya bushe, ruwa ya yi yawa ya ruɓe. Sai a shimfiɗa ganyen fita, a zuba shi, a ɗaure huhu tamau.

4/ Duk 'yan kwanaki a kwance a zango, a tsince wanda sankara ta ci, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Ka yi sakaci, jarin shekara ya tafi wallahi.

5/ Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta soma ja baya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ayari ya watse. Huhu dai yana nan. Ranar kasuwa ku tsaya wajen mai goro, ku ga yadda yake yayyafa ruwa yana rufewa.