Daga Alƙalami Zuwa Gora: Tarihin Zafin Harshe a Siyasar Zariya

Unguwar Gyallesu, wadda take cikin Tudun Wadar Zariya tana maƙwabtaka da Kongo, ba ta da tsufan unguwannin cikin ganuwa, ba ta kuma da gidajen sarauta irin nasu. Amma duk mai son ya bi salsalar muhawarar siyasa a ƙasar Hausa, ya san inda ta tsiro da inda ta karkace, lalle ne ya biyo ta wannan yanki. Dalili kuwa shi ne, tun bayan da Turawa suka ci Zazzau a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, aka keɓe Sabon Gari ga baƙin da suka zo daga Kudu, Tudun Wada kuwa ta zama masaukin baƙi 'yan Arewa, malamai da akawuna da 'yan kasuwa da masu sana'a, waɗanda suka taru daga garuruwa dabam-dabam, idon fada bai cika kansu kamar yadda ya cika kan mutanen birni ba. A gefen wannan gari ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a Kongo aka buɗe makarantar koyon aikin akawu wadda ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki, a jikin Gyallesu kuma aka gina babbar kwalejin horon malamai a 1962. Wurin da ya tara maɗaba'a da makarantu da baƙi haka, ba makawa ya zama wurin da ake yawan magana, kuma tarihin wannan magana, yadda ta soma da hujja ta gangara zuwa zagi, zagin kuma ya haifi gora, abin lura ne ga duk mai hankali.

Farkon al'amarin mai kyau ne ƙwarai. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, sai talaka mai ɗan karatun boko ya sami abin da kakansa bai taɓa samu ba, wato filin da zai rubuta wasiƙa ya koka a kan haraji ko rashin asibiti ko halin ma'aikatan En'e, a buga, a karanta a zaure, wani ya ba shi amsa daga Sakkwato ko Yola. A daidai wannan lokaci ne Malam Sa'adu Zungur, yana koyarwa a Zariya, ya tara samari masu ilmi a ƙungiyar tattaunawa, inda ake zama a ɗauki mas'ala a baje ta, kowa ya kawo dalilinsa. Haka kuma a Zariya ne, cikin 1948, Dokta Dikko da abokansa suka yi ɗaya daga tarurrukan da suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma abin da ya kamata a riƙe shi ne, a farkonta ta ƙunshi mutanen da daga baya suka zama abokan gaba, har da Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur. Ashe waɗanda mabiyansu suka riƙa jifan juna da munanan sunaye bayan 'yan shekaru, sun taɓa zama a tabarma ɗaya suna neman mafita ɗaya.

Rabuwar ta zo ne bayan kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agustan 1950, wadda ta bayyana a fili cewa tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e akwai saɓanin maslaha da ba ya ɓoyuwa, sai Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zame daga masu wannan ra'ayi, ta zama jam'iyyar siyasa sosai a 1951 da sunan NPC, sarakuna da hakimai suka jingina da ita, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama jigonta. Daga nan ƙasa ta kasu biyu, 'yan NPC masu alamar fartanya suna kiran Salama, 'yan NEPU masu alamar tauraro suna kiran Sawaba. Saɓanin kansa ba aibi ba ne, domin tambayoyin da aka yi jayayya a kansu manya ne: wa zai yanka haraji da jangali, wa zai hana aikin tilas, wa zai binciki alƙali idan ya karkata, da wane sauri za a karɓi mulkin kai. Aibin ya shigo ne ta hanyar lafazin da aka zaɓa, domin maimakon a ce wa abokin hamayya ra'ayinka kuskure ne ga dalili, sai aka koma ga zatinsa da asalinsa da addininsa.

Masu goyon bayan sarauta suka riƙa siffanta ɗan NEPU da cewa marar kunya ne, ɗan iska, wanda ba ya ganin girman na gaba, wanda bai gaji arziki ba. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe a 1954, sai aka ƙara da cewa ta sayar da Arewa, aka kuma sami masu ƙarfin halin da suka kai ga kafirta Musulmi mai salla da azumi saboda katin jam'iyyar da ke aljihunsa. 'Yan NEPU su ma ba su kame bakinsu ba, gama a wurin lacca da cikin waƙoƙi sun kira abokan hamayyarsu azzalumai, 'yan barandan Turawa, masu shan jinin talaka, wani lokaci ma habaicin yakan wuce aikin mutum ya taɓa iyayensa da iyalinsa. Mawaƙan ɓangarorin biyu, masu rubutawa da masu kiɗa, sun zuba fasaha mai yawa a wannan fage, kuma da yake waƙa ta fi lacca saurin shiga kunne da daɗewa a zuciya, sai zambo ya zama abin da yara ke rerawa a kan hanyar makarantar allo, mata kuma a bakin turmi, har ƙiyayyar ta shiga gidajen da ba su taɓa halartar taron siyasa ba. An ga aure ya mutu, an ga an ƙaurace wa jana'iza da suna, an ga wanda ya ƙi bin limami salla, duk saboda bambancin jam'iyya.

Sai dai insafi yana wajabta a faɗi cewa, ko da yake harsunan biyu duka sun yi kaifi, hannayen biyu ba su yi daidai da ƙarfi ba. Ɓangare guda yana riƙe da 'yan doka da dogarai da kotun alƙali da gidan yari, kuma daga En'e ake neman izinin yin taro, saboda haka kalmar da ɗan NEPU zai furta a ɗaure shi da laifin zagin sarki ko tada hankalin jama'a, ɗan NPC yakan furta wadda ta fi ta muni ya kwana a gidansa. Babu wanda rayuwarsa ta fi bayyana wannan kamar Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU tun tana yarinya, ta jagoranci matan jam'iyyar a zamanin da matan Arewa ba su da ko ƙuri'a, aka ɗaure ta sau da yawa, 'yan banga kuma suka yi mata dukan da ya bar mata rauni a jiki. Kafin sanda ta sauka a kanta, an riga an zubar da mutuncinta da baki, an sanya mata sunayen da ake sanya wa macen da ta fita bainar jama'a, domin a sauƙaƙa wa mai dukan aikinsa. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta, wannan kuwa shaida ce cewa hukuncin da masu zagi suke yankewa a zamaninsu ba shi ne hukuncin da tarihi ke tabbatarwa ba.

Yadda magana take rikiɗa ta zama jini ya bayyana ƙarara a 1953. Ran 31 ga Maris na shekarar Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka nemi a jinkirta sai an shirya, sai taron jama'a ya yi musu ihu da ature, jaridun can kuma suka siffanta su da 'yan amshin shatan Turawa. Suka dawo gida da ɓacin rai, labarin ya bazu ana ƙara masa gishiri, har sa'ad da Cif Akintola, ɗaya daga 'yan siyasar Kudu, ya shirya zuwa Kano cikin watan Mayu, tarzoma ta ɓarke, aka kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutum fiye da 30 suka halaka, fiye da 200 suka jikkata. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka sami ƙungiyar da aka sani da 'Yan Mahaukata a Kano, masu tarwatsa tarurrukan NEPU, ita ma NEPU ta kafa nata matasan masu kare ta, daga nan kuwa bangar siyasa ta zama sana'a, ta bazu zuwa sauran garuruwa, ba ta kuma mutu ba ko da sojoji suka rushe jam'iyyu bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966.

Da aka dawo siyasa a 1979, tsohuwar gabar ta farfaɗo da sababbin sunaye, NPN ta gaji gidan NPC, PRP ta gaji gidan NEPU, Jihar Kaduna kuwa, wadda Zariya take cikinta, ta sami gwamnan PRP, Alhaji Balarabe Musa, da majalisar da NPN ta rinjaya. Kusan shekara biyu aka yi ana musayar baƙaƙen maganganu a jaridu da rediyo, majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har ta tsige shi a watan Yunin 1981. PRP kanta kuma ta tsage gida biyu, Santsi da Taɓo, 'yan uwan jiya suka koma kiran juna maciya amana. Cikin watan Yulin shekarar, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Gwamna Abubakar Rimi na Kano ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta tashi a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, mutumin da makaminsa bai wuce alƙalami da makirufo ba. Bayan shekara 30, a watan Afrilun 2011, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya biyo bayan watannin da aka kwashe ana zuga jama'a da sunan addini da yanki, sai wuta ta kama a jihohin Arewa 12, aka rasa rayuka fiye da 800, Zariya ma ba ta tsira ba, aka ƙone gidaje da wuraren ibada. Kwamitin da Shaikh Ahmad Lemu ya jagoranta ya lissafa kalaman tunzura jama'a cikin musabbaban fitinar, tsoron maimaituwarta kuma shi ya sa 'yan takara suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja cikin Janairun 2015. Ita kanta Gyallesu ta ga nata tashin hankalin a Disambar 2015, sa'ad da sojoji suka yi arangama da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky, aka kuma shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari guda. Wannan ba rikicin jam'iyyu ba ne, amma maganganun da suka biyo bayansa sun nuna ciwo iri ɗaya, domin da yawa sun fara tambayar ɓangaren mamaci kafin su yanke ko ya cancanci tausayi.

Abin takaici shi ne, al'ummar da ta faɗa wannan hali tana da gadon da ya isa ya tsare ta. Malamanmu sun karantar da ladubban munazara, sun haramta giba da annamimanci da ƙazafi, sun tsananta ƙwarai a kan kafirta Musulmi ba da hujja yankakkiya ba, sun kuma sharɗanta cewa mai raddi ya kawo maganar abokin jayayyarsa yadda take kafin ya warware ta. Ko a zamanin jihadi, lokacin da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya tuhumi jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a kan halaccin yaƙinsu, Muhammadu Bello ya amsa masa da wasiƙu, ya kuma adana hujjojin abokin hamayyar tasa cikin Infaƙul Maisuri, har na baya suka iya karanta ɓangarorin biyu su auna. Idan waɗanda takobi ke tsakaninsu sun iya kiyaye wa juna wannan haƙƙi, babu uzuri ga waɗanda abin da ke tsakaninsu bai wuce akwatin zaɓe ba.

Ba ina kira ba ne a rufe bakin mai suka, domin tarihin da muka bi ya nuna cewa dokar hana zagi, idan tana hannun mai mulki shi kaɗai, takan zama sarƙar ɗaure mai gaskiya, kuma da 'yan Sawaba sun yi shiru da talaka ya daɗe yana aikin tilas. Abin da nake kira gare shi shi ne a rarrabe tsakanin tuhumar aiki da keta mutunci: a ce wa gwamna ina kuɗin asibiti, a ce wa ɗan majalisa ina alkawarin da ka ɗauka, a faɗa da ƙarfi ba tare da tsoro ba, amma a bar asalin mutum da iyalinsa da imaninsa, a kuma daina kiran jama'a guda da sunan da zai halatta jininsu. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, kuma a kowace fitina da muka ambata wanda ya furta kalmar yakan tsira, ɗan talakan da ya ɗauke ta ya fita da gora shi ne ke kwana a kurkuku ko a maƙabarta. Nauyin gyara yana kan masu lacca da masu wa'azi da mawaƙa da masu rubutu a waya, yana kuma kan malaman da ake horarwa a Gyallesu da Kongo, waɗanda za su shiga azuzuwa su koya wa yara yadda ake saɓa wa mutum a ra'ayi ba tare da an tozarta shi ba. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da adalci, Ya kuma kiyaye harsunanmu daga abin da zai zubar da jinin bayinSa.