Yadda Minti Ya Shigo Ƙasar Auduga

Manomin Funtuwa ko Malumfashi na zamanin kakanni bai rasa ma'aunin lokaci ba. Yana da asuba da hantsi da walaha, yana da azahar da la'asar da almuru, in abu gajere ne ya ce jim kaɗan ko ƙiftawar ido. Abin da minti ya zo da shi shi ne guntun lokacin da za a ƙirga, a yi gardama a kansa, har a yanke wa mutum lada saboda shi. A ganina makarantar boko ba ita ta fara shigo da shi ba, tashar jirgi da gidan gurzar auduga ne. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin BCGA da aka kafa a Ingila a 1902 kuma ya girka injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Jirgi bai san hantsi ba. Lebura kuwa da bugun ƙarfe yake kama aiki, da shi yake tashi, shi ya sa har gobe "ƙarfe nawa" muke tambaya.

Wani zai ce ai malamai sun san sa'a da daƙiƙa tun kafin Nasara. Haka ne, amma ilimin hisabi ne, a zaure yake, bai taɓa hana mai jaki loda buhunsa ba. Wani kuma zai kafa hujja da direban tasha da zai ce saura minti biyar alhali mota ba ta yi rabi ba, ya ce mutanenmu ba su ɗauki minti da gaske ba. Wannan ma bai ci ba. Manomin da ke sammakon shuka washegarin ruwa kafin ƙasa ta sha iska ya san tsadar lokaci sarai. Minti biyar ɗin direba lallashi ne, ba alkawari ba, fasinja ma ya san da haka. Inda kuɗi ya shiga kuwa ba a wasa: da wayar salula ta zo a 2001 ana cajin kira minti-minti, har wanda bai taɓa ɗaura agogo ba ya iya katse gaisuwa kafin minti ya cika.